Tabar da Lisbon Ta Ƙi: Yadda Cinikin Bahiya da Wida Ya Kai Hausawa Burazil

A ƙasar Cachoeira, cikin yankin Bahiya na Burazil, idan manomi ya girbe tabarsa kashi uku ake yi mata. Ta ɗaya da ta biyu, masu faɗin ganye da kyan launi, su ake lodawa zuwa Lisbon, babban birnin Fotugal. Ta ukun kuwa tarkacen ganye ce, ƙanana da karyayyu, kuma dokar sarkin Fotugal ta hana a shigar da ita Lisbon ɗungurungum. Don kada ta bushe ko ta ruɓe a hanya, sai a tufke ta kamar igiyar guga, a shafe ta da baƙin ruwan rake mai kauri wanda ke tsatsowa wajen dafa sukari, ɗan'uwan mazarƙwailarmu, a naɗe ta a jikin sanda, a ɗinke cikin fatar saniya. Shafin nan da aka yi don a rufa mata asiri shi ya ba ta ƙamshi da zaƙin da mutanen gaɓar Dahome, Jamhuriyar Benin ta yau, suka ɗanɗana suka ce ba su ga kamarta ba. Sama da shekara 150 wannan taba ce babban kuɗin da Bahiya ke sayen mutane da shi, kuma cikin mutanen da ta saya har da Kanawa da Katsinawa da Zazzagawa.

A makaranta an koya mana cewa cinikin bayi na tekun Atilantika murhu ne mai duwatsu uku: jirgi ya taso daga Turai da yadi da bindiga, ya ɗebi bayi a Afirka, ya sauke su a Amurka, ya koma gida da sukari da auduga. Haka yake ga jiragen Ingila da Faransa. Na Bahiya bai bi wannan ba. Jirgi ya bar tashar Salvador, babban birnin Bahiya, da taba, ya ratsa teku kai tsaye zuwa Wida a gaɓar Dahome, ya juyo da mutane. Lisbon ba ta cikin tafiyar, abin da ya daɗe yana ci wa mahukuntan can tuwo a ƙwarya.

Dalilin wannan tsari yaƙi ne tsakanin Turawa su ya su. A 1637 Turawan Holan suka ƙwace gidan Elmina, a gaɓar Gana ta yau, daga hannun Fotugal. Bayan an yi sulhu sai suka gindaya sharaɗi: jiragen Fotugal ba za su kawo kayan Turai wannan gaɓa ba, taba kawai aka yarda su shigo da ita. Sai sun fara tsayawa a Elmina sun ba da ɗaya bisa goma na lodinsu, sannan su wuce gabas su yi ciniki a tashoshi huɗu, Popo da Wida da Jakin da Apa. Nufin Holan shi ne ta karya Fotugal. Ɗan kasuwar Lisbon ya karye kuwa, tunda ba shi da taba. Ga ɗan kasuwar Bahiya faɗuwa ce ta zo daidai da zama, don kayan da aka halatta shi kaɗai ke da shi, kuma kayan da ba su da kasuwa ko'ina ne. Har ta kai kyaftin-kyaftin na Ingila da Faransa sai sun sayi tabar Bahiya daga hannun abokan gogayyarsu kafin dillalan Wida su saurare su da kyau.

Sai ga zinariya ta ɓulla a yankin Minas Gerais na Burazil cikin shekarun 1690, buƙatar hannun aiki ta yi tashin gwauron zabi. Zinariyar ma ta riƙa bin jiragen taba a ɓoye zuwa Afirka. Abin dariya abin takaici, gaɓar da Turawa suka fara zuwa neman zinariya, ita ce yanzu ake kai wa zinariya don a karɓi mutane. A 1721 Fotugal ta gina ƙaramin sansaninta a Wida, kuma daga Bahiya ake tafiyar da shi, da kuɗin harajin da ake karɓa a kan bayin da aka sauke a can. A 1727 Sarkin Dahome Agaja ya ci Wida da yaƙi, daga baya aka naɗa wakilin sarki mai suna Yovogan, wanda duk Baturen da ya sauka sai ya bi ta hannunsa: a biya kuɗin shiga, a fara sayen bayin sarki a farashin sarki, sannan a buɗe kasuwa ga kowa.

Kada mai karatu ya ɗauka sarakunan gaɓar nan yaudararsu aka yi da madubi da tsakiya. Sun san ciniki sarai. Dahome ta aika jakadu Bahiya a 1750, ta sake aikawa a 1795 da 1805, kuma abin da ake nema a tafiye-tafiyen baya shi ne jiragen Bahiya su daina zuwa tashoshin maƙwabta, su tsaya Wida kaɗai. Masu taba ba su yarda ba, don a lokacin sun riga sun gano Porto-Novo da Badagiri da Ikko, wato Legas, inda farashi ya fi sauƙi, sarki kuma bai cika matsawa ba. Wannan matsawa gabas ita ta kawo bakin jirgi daidai ƙarshen hanyar da ta gangaro daga ƙasar Hausa.

Hanyar daga arewa

Tun kafin jihadi akwai bayin Hausa da yawa a daular Oyo. Su ne masu kula da dawakin yaƙi, su ne wanzamai, su ne masu tufkar igiya da kiwon shanu. Ta ƙasar Nufe ake kawo su, a tsallake Kwara, a shiga ƙasar Yarbawa. Wanda Oyo ba ta buƙata sai ta tura shi teku. Abin da ke hawowa arewa kuwa har da wuri, wanda jiragen Turai ke kwasowa daga tsibiran Maldives na tekun Indiya. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Kalmar nan ta kuɗi da muke faɗa kullum jam'in wuri ce, kuma wani kaso na wurin da ya cika kasuwanninmu a wancan zamani da mutum aka musanyo shi a bakin teku.

Abubuwa biyu suka haɗu suka mayar da ɗigo ambaliya. Na farko a can tsallake: a 1791 bayin Saint-Domingue, Haiti ta yau, suka yi tawaye suka rusa gonakin da suka fi na ko'ina samar da sukari a duniya. Farashin sukari ya tashi, masu gonakin rake na Bahiya suka faɗaɗa noma, kowa na neman bayi. Na biyu a nan gida: a 1804 aka fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yaƙi ya mamaye Gobir da Kabi da Katsina da Kano da Zazzau har Barno. Yaƙi kuwa ba ya rasa kamammu. An kamo daga ɓangaren sarakunan Haɓe, an kamo daga ɓangaren jama'ar Shehu, an kuma kamo fatake da manoma waɗanda ba ruwansu da kowane ɓangare, hanya ce kawai ta ci su. A 1817 bayin Oyo Musulmi, akasarinsu Hausawa, suka amsa kiran Afonja na Ilori suka yi bore, daga nan daular Oyo ta fara wargajewa, ƙasar Yarbawa ta shiga yaƙe-yaƙen da suka cika jiragen Ikko shekara da shekaru.

Shugabannin Sakkwato sun san abin da ke faruwa. Muhammadu Bello da kansa ya rubuta yana kokawa cewa mutanen ƙasar Yarbawa na sayen bayi daga ƙasarmu su sayar wa Nasara, ya kuma ja kunne kada a sayar musu da Musulmi. Gargaɗin na nuna abin na aukuwa ne, don ba a hana abin da ba a yi. Kuma ya kamata mu lura da iyakar gargaɗin: sayar da Musulmi ga Nasara aka hana, bautar kanta ba a taɓa ta ba, tana nan cikin rinji da gandu da kasuwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Baturen Bahiya bai taɓa taka Kano ba. Mutum ya bi ta hannu biyar ko goma, duk baƙaƙe, kafin ya ga farar fata.

Kusan duk Hausawan da suka isa teku maza ne manya. Mata da yara sun fi daraja a cikin gida da kasuwar Sahara, don haka a nan ake riƙe su. Namiji ƙaƙƙarfa wanda ya san kan baka da takobi, wanda ajiye shi kusa da gida haɗari ne, shi ake turawa nesa. Haka aka tara wa Bahiya mayaƙa, da yawansu sun yi karatun allo, suna jin harshe ɗaya. Masu saye riba suke lissafawa, wannan bai shiga lissafinsu ba.

A Salvador

A ƙauye bawa saran rake yake yi daga asuba har dare, a lokacin matsa kuma injin ba ya tsayawa. A birni al'amarin daban ne, kuma Bahaushe zai gane shi nan take, don murgu ne sak. Ubangida ya saki bawansa ya fita nema, dako ko ɗinki ko aski ko ɗaukar masu kuɗi a kujerar kafaɗa a kan tudun birnin, a ƙarshen mako ya kawo adadin da aka yanka masa, ragowar tasa ce. Wasu ma ba sa kwana gidan ubangida, ɗaki suke kamawa. Mai haƙuri yakan tara har ya fanshi kansa. 'Yan dako na taruwa a mahaɗar tituna ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙabila da dandalinta da shugabanta. A takardun hukuma Hausawa su ne Ussá ko Haussá, Nufawa Tapa, Yarbawa Nagô. A waɗannan dandali, tsakanin wannan kaya da wancan, ake ɗinka hula, ake rubuta laya, ake koya wa wanda ya manta Fatiha.

Gwamnan Bahiya na lokacin, Conde da Ponte, ya hango matsalar. Ya rubuta wa Lisbon cewa bayin da ke shigowa daga wannan gaɓa, sama da 8,000 a 1806 kaɗai, daga ƙabilun da suka fi kowa sanin yaƙi suke. Bai yi ƙarya ba. A watan Mayun 1807 aka tona wani shiri na Hausawa da aka tsara ranar 28 ga wata, ranar wani bikin coci da jama'a za su shagala. Kowace unguwa an naɗa mata jagora. Da aka kai samame gidan da ake taro an sami kibau kimanin 400 da itacen baka da wuƙaƙe da ganga. Cikin abin da aka ce sun ƙulla har da kama jiragen da ke tasha su koma gida. Wani bawa ne ya kai rahoto, shirin ya mutu tun bai tashi ba.

Ba a daina ba. A 1809 ɗaruruwa suka gudu daga birni da gonaki aka yi artabu a yankin Nazaré. Ranar 28 ga Fabrairun 1814 wasu sama da 200, mafi yawansu Hausawa, suka auka wa wuraren sarrafa kifin whale a kusa da Itapuã, suka cinna musu wuta, suka nufi yankin gonakin rake kafin sojoji su tare su a bakin kogin Joanes. Takardun shari'a sun kira jagoransu da laƙabin malomi, wanda ba sai an yi dogon bincike ba kafin a ji malam a cikinsa.

Gwamnan da ke kan mulki a 1814, Conde dos Arcos, dabararsa ta bambanta da ta Ponte. Ponte dokar hana fita da bulala ya sani. Arcos kuwa ya bar bayi su yi kiɗa da rawa ranar hutu, kowace ƙabila daban, da hujjar cewa muddin Bahaushe na tuna shi Bahaushe ne, Bayarabe na tuna tsohuwar gabarsu, ba za su haɗa kai ba. Masu gonaki suka yi ta kai ƙararsa cewa ya sakar wa bayi fuska. Dukansu biyu a kan yadda za a riƙe bayi suke jayayya. Batun a rage shigo da su bai taso daga bakin mai gonar rake ko mai gonar taba ba.

A takarda an hana cinikin. Yarjejeniyar Ingila da Fotugal ta 1815 ta haramta sayen bayi a arewacin layin da ya raba duniya biyu, wato har da Wida da Ikko. Burazil, bayan ta sami 'yanci a 1822, ta yi tata dokar a 1831. Abin da ya canja shi ne salon aiki: jirgi ya karɓi takardar zuwa wata tasha ta kudu inda ba a hana ba, ya karkata ya nufi Ikko, ya sauke mutane da dare a wata gaɓa nesa da tasha. A Wida kuwa babban dillali a wannan zamani ɗan Bahiya ne, Francisco Félix de Souza, wanda ya taimaki Gezo ya hau gadon Dahome a 1818, aka saka masa da muƙamin Chacha.

Daren 25 ga Janairu

Tawayen da ya fi shahara shi ne na 1835, wanda ake kira na Malê, daga imale, kalmar Yarbanci mai nufin Musulmi. A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ke yawo a tsakaninmu, inda ake cewa tawayen Hausawa ne. A lokacin Yarbawa sun rinjayi kowa yawa a cikin 'yan Afirka na Salvador, kuma su suka shirya shi suka jagorance shi. Hausawa 'yan kaɗan ne cikin waɗanda aka gurfanar. Zamanin da Hausawa ke kan gaba shi ne 1807 zuwa 1814 da 'yan shekarun da suka biyo.

An tsara tashi da asubahin Lahadi, cikin goman ƙarshe na azumi, ranar da mutanen gari ke wani biki a cocin Bonfim. Labari ya fita ta bakin wata 'yantacciyar baiwa, Guilhermina Rosa de Souza. Wajen ƙarfe ɗaya na dare 'yan sintiri suka buga ƙofar gidan Manoel Calafate, sai mutum kimanin 60 suka ɓarko waje da takubba, sanye da fararen riguna, layu a wuya. Cikin inda suka fara nufa har da kurkukun da ke ƙasan majalisar gari, don su fito da malaminsu Pacífico Licutan.

Dalilin zaman dattijon nan a kurkuku ya isa ya nuna wa mutum mene ne bauta a tsarin kasuwa. Bai yi laifin komai ba. Ubangidansa ne ya ci bashin wasu limaman coci ya kasa biya, kotu ta kama kadararsa, kadarar kuwa ita ce malamin, ana jiran a yi gwanjonsa. Almajiransa sun taɓa haɗa kuɗin fansarsa, ubangidan bai sake shi ba. Mutumin da jama'a ke layi a ƙofar kurkuku don neman albarkarsa, a littafin kotu jingina ne. Aikin da yake yi a matsayin bawa kuwa naɗin taba.

Ba su iya fasa kurkukun ba. Mutum wajen 600 suka yi ta gwabzawa a tituna na 'yan sa'o'i, har aka murƙushe su a gaban barikin sojan doki na Água de Meninos, a kan hanyarsu ta fita zuwa gonaki. Kimanin 70 daga cikinsu suka mutu. Da gari ya waye 'yan sanda suka bi gida-gida suna tattara duk wata takarda mai rubutun Larabci, da alluna da tasbaha. Ba su iya karantawa, sai suka nemo wani bawa Bahaushe mai suna Albino ya duba musu. Mafi yawan takardun ayoyi ne da addu'o'in tsari, irin waɗanda malamin zaure ke rubutawa a naɗe a kai wa baduku. Wasunsu suna nan a ajiye a gidan adana takardu na Bahiya har yau.

Cikin malaman da aka tuhuma akwai Bahaushe, Elesbão do Carmo, wanda aka fi sani da Dandará. Ya fanshi kansa, yana koyar da karatu da salla, yana kuma da ɗan shago a kasuwar Santa Bárbara. Taba yake sayarwa a shagon.

An harbe mutum huɗu ranar 14 ga Mayun 1835. Rataya aka yanke musu, aka rasa wanda zai yarda ya yi aikin. Wasu aka yanke musu bulala ɗari-ɗari har zuwa dubu da ɗoriya, ana yi musu hamsin a rana. 'Yantattu da dama aka kore su zuwa Afirka, wasu kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu don zaman ya gagara. Su da waɗanda suka biyo bayansu ne ake kira Aguda a Legas da Wida da Porto-Novo, Tabom a Akara. Wanda ya ga babban masallacin Porto-Novo ko masallacin Shitta-Bey na Legas da aka buɗe a 1894 ya ga irin ginin da suka dawo da shi.

Hausawan da suka rage a Bahiya sun bar mana muryarsu ta wata hanya mai ban mamaki. A ƙarshen shekarun 1840 ƙaramin jakadan Faransa a can, Francis de Castelnau, ya riƙa kiran su yana yi musu tambayoyi. Abin da ya fi damunsa shi ne ya tabbatar da wata tatsuniya cewa akwai mutane masu wutsiya a tsakiyar Afirka. Su kuwa suna ba shi amsa suna lissafa masa garuruwansu, da yaƙin da aka kama kowannensu, da zango-zangon da aka bi da su, kwana kaza daga nan zuwa can, har Ikko. Shekaru sun shuɗe amma hanyar na nan a kansu kamar jiya aka bi ta.

Bahiya kaɗai ta karɓi 'yan Afirka kimanin miliyan ɗaya da rabi, cikin sama da miliyan huɗu da rabi da aka sauke a Burazil baki ɗaya. Shigo da su bai tsaya da gaske ba sai da dokar Eusébio de Queirós ta 1850, lokacin da jiragen yaƙin Ingila suka fara bin masu fasa-ƙwauri har cikin tashoshin Burazil. A 1851 Ingila ta yi wa Ikko ruwan wuta ta tumɓuke Kosoko, bayan shekara goma ta mayar da garin mallakarta. Bautar cikin Burazil kuwa ta ci gaba har 13 ga Mayun 1888. Jiragen Bahiya ba su daina zuwa Legas da Wida ba. Sun ci gaba da kawo taba da barasar rake, suna komawa da manja da goro da saƙin Yarbawa, waɗanda tsofaffin 'yan Afirka na Salvador da 'ya'yansu ke saye.